Kawu Mai Gadin Ƙwan Kunkuru

Mun binne Kawu a makon da kowane shago a Guangzhou ya kunna talabijin ana kallon 'yan tsere da 'yan ninƙaya na wasannin Olamfik. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma shi ya kawo ni ƙasar Sin ya koya mini cinikin takalma. Ya rasu a wani ƙauye na bakin teku, nesa da birni, babu Musulmi ko ɗaya a kansa.

A ɗakinsa muka yi zaman makoki, saman wani bene a unguwar Sanyuanli. Ba a cika ba, don a shekarar an tsananta maganar biza, da yawa daga mutanenmu sun tattara sun koma gida, waɗanda suka rage kuma ba mai son a gan shi cikin taro. Duk da haka an zo. Wani ɗan Kumasi ya shigo yana kuka wiwi, yana cewa ranar da ya sauka garin nan bai san kowa ba, a kan tabarmar nan da muke zaune ya yi ta kwana har ya samu ɗaki. Matar da muke sarin takalma a shagonta a titin Zhanxi Lu, 'yar ƙasar Sin, ta hawo da kwandon lemo, ta tsaya a bakin ƙofa tana ta sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Lawban, lawban," wato maigida, sunan da take kiransa da shi ke nan. Ta ajiye kwandon ta sauka.

Sai Alhajin Maraɗi, tsohon abokin Kawu, wanda suka sha cin tuwo a kwano ɗaya, ya ɗaga hannuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya cika da imani." Ya sake cewa, "Allah ya sa ya cika da imani." Aka amsa amin ciki-ciki, wasu suna satar kallon juna. Addu'a ce mai kyau, kowa ana yi masa ita, amma na san abin da ke ƙarƙashinta, kowa a ɗakin ya sani. Ba don furfurarsa ba, da ranar mun raba hali.

Abin da ke ƙarƙashinta hoto ne. Shekara guda kafin nan wata jaridar garin ta buga shi: ga Kawu da hularsa da jallabiyarsa a bakin teku, ya kama gefe ɗaya na wani ƙaton kunkuru, a bayansa kuma limaman addinin Buda masu askin ƙwal-kwabo, da hayaƙin turarensu yana tashi. Jaridar ta zaga kasuwar Canaan hannu zuwa hannu. Wani sarkin gulma ya sa ta a jakarsa har Kano. Kafin ka ce kwabo, an ce Kawu ya bar sallah ya koma bautar kunkuru.

Daren farko na kira Inna, mahaifiyata, yayarsa ke nan. Na yi zaton zan same ta tana kuka, sai na ji muryarta a bushe.

Ta ce, "Ɗan nan, ni na goye shi a bayana. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, da me ya cika?"

Na ce, "Inna, ba na wurin."

Ta ce, "To wa ke wurin?"

Na ce, "Mutanen ƙauyen."

Ta ce, "Ka je ka nemo mini su. Ina ɗaga hannu zan yi masa addu'a, maganar mutane tana tokare ni a ƙirji."

Saboda ita nake rubuta wannan, da kuma waɗanda suka ga hoto suka yanke hukunci. Su san mutumin da suke magana a kansa.

Kawu mutum ne mai faɗa, wannan ba zan ɓoye ba. In ka yi masa shirme zai wanke ka tas a gaban kowa, bayan an jima ya kira ka ku sha shayi kamar ba a yi ba. In aka miƙa masa samfurin takalmi, ba ya fara duba ado. Hanci yake kai wa ya shinshini gam, sannan ya lanƙwasa ƙasan da hannu biyu har sai mai shago ya riƙe numfashi. In ya ji ɗan ƙas, sai ya ajiye ya ce, "Wannan ko Ƙofar Wambai ba zai kai mai shi ba." Yakan ce mini, "Ka saya kamar uwarka za ta sa." Shekara da shekaru a ƙasar, amma Sinancinsa bai wuce na gaisuwa da "meyo," wato babu, da "shiye-shiye," wato na gode. Sauran cinikin da kalkuleta da zare ido yake ƙarasa shi. Ya koyi shan shayinsu a 'yan mitsitsin kofuna, ya kuma nuna musu yana jin daɗi, amma akwai ƙullin sukari a aljihunsa kullum. Duk wanda ya taso daga Kano bai riƙo masa goro ba, to ya shirya jin tarihin kakansa.

Yadda ya haɗu da kunkuru kuwa, ina wurin.

Akwai masana'antun takalman mata a wajen Huidong, gabas da Guangzhou, can muke zuwa mu ba da oda. Wata rana cikin zafin bazara muka gama da wuri, sai direban masana'antar, wani mutum mai fara'a da ke jin ɗan Turanci, ya ce bari ya kai mu mu ga teku. Ya kai mu wani lungu tsakanin duwatsu, yashi fari tas. Ya ce hukuma ta keɓe wurin saboda kunkurun teku, nan suke fitowa su yi ƙwai. Mu dai muka ce to. Bakano da teku, ai kallo ne kawai.

La'asar ta yi. Inda jama'a ke tsayawa ya cika da masu ɗaukar hoto da mata masu gajeren wando. Kawu ya yi alwala da ruwan gora, ya hango wani wuri can gefe, ba kowa, yashi mai tsabta, igiya ce kawai aka ja da wani allo mai rubutun Sinanci. Wa zai karanta? Ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Yana da wata doguwar laima mai tsinin ƙarfe da yake dogarawa, sai ya ce bari ya kafa ta a gabansa ta zama sutura, kada wani ya gifta masa yana sallah. Ya danna ta da ƙarfi, ta nutse zuruf har fiye da rabi. Ya ta da kabbara.

Yana raka'a ta biyu sai ga wata mata a guje, gajeriya, da malafa da takalmin roba, tana ihu kamar an shiga gidanta da wuta. Ta tsaya a gabansa tana zazzaga masifa, shi kuma bai ko ɗaga ido ba. Na tare ta ina cewa ta bari ya idar, ba ta ji na, ba na jin ta. Da ya sallame, ya miƙe a fusace. Kai, ranar na ga faɗa! Shi da Hausa, ita da yarenta, kowa jijiyar wuya a tashe.

"Ke wace irin mata ce? Mutum yana gaban Ubangijinsa ki zo kina yi masa haushi? Gaya mata, Direba, gaya mata!"

Ba ta jira Direba ba. Ta kama laimar ta zare a hankali, ta ɗaga masa tsinin dab da hancinsa. Ruwan ƙwai ne yake bin ƙarfen, rawaya, da yauƙi. Ta durƙusa ta tona yashin da hannu, sannu-sannu, har ta kai ga ramin. Ƙwai ne cunkus, farare, kewayayyu, masu taushin ɓawo. Ta fito da waɗanda suka fashe ta jera a gabansa.

Tunda nake da Kawu ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Direba ya yi mana bayani: uwar takan fito ta haƙa rami ta zuba ƙwan ta rufe ta koma ruwa, ba ta sake waiwayarsu, rana ce ke yi musu kwanci har wajen wata biyu. Ya ce da can suna fitowa da yawa, yanzu kuwa taru da fitilu da hayaniyar mutane sun sa in an samu 'yan ƙalilan a shekara sai murna. Wannan rami na cikin 'yan ƙalilan ɗin. Matar kuma tana cikin mutanen ƙauyen da ake ɗauka su share bakin tekun su kuma sa ido. Kowa yana ce mata Ayi, wato goggo.

Muka koma gari ni da Kawu. Sai da muka zo hawa bene ya ce, "Ka gani? Na je gaida Mai halitta, na fasa masa halitta."

Na ce, "Kawu, ai rashin sani ne. Rashin sani ya fi dare duhu."

Ya ce, "Igiyar fa? Ita ma ban gan ta ba?"

Mako na zagayowa ya koma, shi kaɗai, a motar haya, da ledar lemo da atamfa turmi guda zai ba Ayi haƙuri. Direba ne ya ji daga bakin Ayi ya ba ni labari daga baya. Ta ƙi karɓa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta shiga rumfarsu ta fito da buhu ta miƙa masa, ta nuna masa bakin ruwa. Alhaji guda, mai tura kwantena, da jallabiya mai guga! Ya karɓa ya naɗe hannun riga.

Abin da ya tsinta ranar shi ya ƙarasa kama shi. Teku tana amayo shara kowace safiya: leda, gorar ruwa, guntun taru, da silifa. Silifa ba iyaka, ƙafa ɗaya-ɗaya, da yankakken ƙasan takalmi irin wanda ake zubarwa bayan an fitar da samfuri. 'Ya'yan kunkurun in sun fito ba su fi tafin hannun jariri ba, silifa guda ta isa ta tare ɗaya har rana ta gasa shi ko tsuntsu ya sure shi. Kawu ya dawo yana juya wata a hannu, ya ce, "Dubi ɗinkin nan. Irin tamu ce. Mu muka sayar, mu za mu kwashe."

Daga nan duk bazara zuwa kaka, lokacin ƙwai, da ƙyar mako ke wucewa bai je ba. Ba a barinsa ya shiga cikin igiya, shi ma bai ƙara nema ba. Aikinsa shara, da cike ramukan da 'yan yawon buɗe ido ke haƙawa, da baje sawun tayar babur. In ya ga wani zai tsallake igiya kuwa, Allah ya ba shi sa'a. Ba ya buƙatar yare. Tsohon baƙin mutum dogo ya taso maka yana "Meyo! Meyo!" da tsintsiya a hannu, ai ko kai waye ka ja da baya.

Ni fa abin bai yi mini daɗi ba, kuma har gobe ina ganin ina da gaskiyata. Wata kaka ana baje kolin Pazhou, lokacin da kowane ɗan kasuwa ke neman sabbin masana'antu, na tashi da safe na ga yana ɗaura takalmin roba a jaka.

Na ce, "Haba Kawu! Yau ma? Mutane sun taso tun daga Yamai saboda wannan mako, kai kana gari za ka tafi kiwon kunkuru?"

Ya ce, "Ƙwan ramin ƙarshe ya kusa ƙyanƙyashewa, kuma an yi iska jiya. Ka san abin da teku ta zubo?"

Na ce, "Su ba su da gwamnati ne? Ba su da ma'aikata?"

Ya ce, "Suna da su. Gwamnatin ce ta soka laima?"

Na ce shekara nawa za a yi ana biyan ƙwai 'yan ƙwarori. Sai ya ajiye jakar ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan Yaya, da farko biya nake yi. Yanzu so nake." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Muka yi kwanaki ba ma magana sai gaisuwa, ni na yi Pazhou ni kaɗai ina ƙunƙuni. Shi ya fara saukowa, da kofin shayi, har ya zuba mini sukari daga ƙullinsa.

Akwai wani mai gidan cin abinci a ƙarshen yashin da ya kafa fitila mai ƙarfi tana haska ruwa don jan masu ciniki. Ashe 'ya'yan kunkuru haske suke bi, in sun ga fitila sai su juya wa teku baya su nufi tudu, da safe a tsince su a bushe. Ayi ta yi magana har ta gaji. Kawu bai yi faɗa ba a nan, abin mamaki. Ya riƙa zuwa yana cin shinkafa da kifi a wurin, yana kallon ƙafafun iyalin gidan. Ido ba mudu ba ya san kima. Rannan ya zo da takalma, na matar da na 'ya'yan mata, kowacce daidai ƙafarta kamar an gwada. Ana ta murna, sai ya fito da wani kwalin takalmi da ya yanke ya naɗe da baƙar leda, ya nuna fitilar, ya nuna teku, ya ce, "Meyo." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko tsani da kansa. Daga baya ma ya sa aka yi wa fitilar hula ta ƙarfe.

Sau ɗaya ya ja ni na kwana a ƙauyen. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ya kai ni bakin igiya ya nuna mini sawu, faffaɗa, ya fito daga ruwa ya hau tudu ya koma, sai ka ce tarakta ta bi ta wurin. Fuskarsa kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

Na ce, "Ina ita uwar?"

Ya ce, "Ban taɓa ganin tana yi ba. Ba a barin kowa, tsoro gare ta, in ta ji motsi sai ta fasa ta koma da ƙwanta."

Na ce, "Duk wahalar nan, ko kallo ba ka samu?"

Ya ce, "Sawu ya ishe ni. Ta zo, ta samu wuri a share, ta koma lafiya."

Muna dawowa muka ga wani ɗan ƙarami da 'yan'uwansa suka bari a baya, ya faɗa cikin sawun ƙafar mutum yana ta fafutuka. Na kai hannu zan ɗauke shi, Kawu ya buge mini hannu. Ya tsuguna, da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya baje masa yashin da tafin hannu, ya matsa gaba ya sake bajewa, har bakin ruwa. Wai Ayi ta ce a bar su su taka da kansu. Yana tafe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, ɗan marayan Allah, saura kaɗan." Na juya kai don kada ya ga idona.

To, hoton. Su masu addinin Buda suna da al'adar sakin dabba don neman lada. Rannan ma'aikatan wurin za su mayar da wani babban kunkuru da ya warke daga raunin taru, sai limaman suka zo da jama'arsu da turarensu. Dabbar tana da nauyi, aka rasa mai kama gefe ɗaya, Ayi ta yafuto Kawu. Ya yi bisimilla ya kama. Mai hoto ya ga baƙo a cikin jama'a ya ɗauka. Shi ke nan abin da ya faru.

Da jaridar ta fito, Alhajin Maraɗi ya same shi har ɗaki, ina zaune. Don Allah ya zo, wannan na shaida, hankalinsa a tashe yake.

Ya ce, "Alhaji, me ya kai ka cikin masu turare? Ka fito masallaci ran Juma'a ka yi wa jama'a bayani, a kashe maganar nan."

Kawu ya ce, "Su da niyyarsu, ni da tawa. Kunkurun bai tambayi kowa addininsa ba."

"Ba a wasa da irin wannan, Alhaji."

"Shekara nawa kana bin bayana sallah a ɗakin nan? In hoto ɗaya ya goge wannan, bayani ba zai mayar ba."

Na roƙe shi bayan an fita. Na ce ko don Inna ya yi magana. Ya ce zato zunubi ne, masu yi su ji da shi. Taurin kai ne, kuma na gaya masa a ranar. Da ya buɗe baki sau ɗaya a masallaci, da tsohuwa ba ta kwana da wannan nauyi ba. Amma Kawu ke nan, zai durƙusa wa ɗan kunkuru, ba zai durƙusa wa mai gulma ba.

Shekarar wasannin Olamfik ɗin, ya san ba za a sabunta masa biza ba. Na ce ya tafi tun da wuri kamar kowa. Ya ce sai ya ga ƙarshen zafin nan, zai koma ya yi azumi a gida wurin Yaya, kuma daga nan ya bar mini kasuwar. Masu magana suka ce kun gani, ya kasa rabuwa da abin bautarsa. Ya ji, ya yi dariya, ya tafi ƙauyen da buhunsa. A can, wata ranar zafi da hantsi, ƙirjinsa ya riƙe.

Bayan sadakar bakwai na nemi Direba ya raka ni. Mun isa da la'asar. Ayi tana ganina ta cire malafarta, na ga ashe ita ma furfura ce fal kanta. Ta kai mu ƙarƙashin wasu dogayen bishiyoyi a bayan yashin, ta nuna wurin da suka kwantar da shi suna jiran motar asibiti. Tana magana, Direba yana juya mini. Ta ce ya faɗi ne a bakin ruwa, su uku suka ɗauko shi. Ta ce bai yi ihu ba, gumi kawai yake yi. Ta jiƙa ɗankwalinta tana goga masa a goshi.

Ni kuma na rasa yadda zan yi tambayar Inna. Ta yaya zan tambayi matar da ba ta san kalmar shahada ba, ba ta taɓa jin sunanta ba? Ina cikin wannan sai ta kama hannun Direba ta yi wata doguwar magana.

Direba ya ce, "Wai akwai abin da ke damunta, tun ranar ba ta barci sosai. Tana so ta tambaye ka."

Na ce ta tambaya.

Ya ce, "Wai da ya kusa tafiya ya nemi wani abu, su kuma ba su gane ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, yana ta maimaita magana guda. Ta kawo ruwa, ya kau da kai. Ta kawo jakarsa, ta kawo wayarsa, ba su ba ne. Sun duba saman bishiya inda yake nunawa, ba komai. Bai sauke yatsan ba har numfashinsa ya tsaya. Wai don Allah mene ne abu ɗayan nan da yake so, da ta kasa ba shi?"

Ayi ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mini yadda ya yi. Ta dunƙule sauran yatsun, ta miƙe manuniya.

Na zauna a kan yashi. Allah ne masanin abin da ke cikin zukata, amma duk ɗan Musulmi ya san wannan yatsa, ya san kuma maganar da ake maimaitawa da shi. Na fito da waya na kira Inna. A Kano safiya ce. Na gaya wa Inna komai, yadda aka gaya mini, ban ƙara ko wasali ba.

Sai na ji kukanta, wanda ta riƙe tun ranar rasuwar. Ta yi mai isarta, ni ma ina yi, Ayi tana tsaye tana kallona a tsorace. Can Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙanka, ƙanena. Allah ya yalwata maka makwanci a ƙasar da ba taka ba, ya sa ka tarar da abin da ka nuna." Ta ja numfashi.

"Ɗan nan, matar tana kusa da kai?"

Na ce, "Ga ta nan, Inna."

Ta ce, "Ka ce mata ni yayarsa na gode. Ka ce ta kwanta ta yi barcinta, babu abin da ya roƙa ta hana shi."